Makullin Da Na Ɗaure A Zariya

Mutumin da aka ce zai tarbe ni a filin jirgin sama na Kanada bai zo ba, kuma har yau bai zo ba. Na zauna kan jakata ina ta kiran lambarsa, wata Baturiya tana amsa mini da magana iri ɗaya, sai can na gane ashe na'ura ce nake ta gaisarwa. Dillalin da ya yi mini hanya ya rantse mini cewa tirela zan ja a babban birni, ga ɗaki ga abinci. Ni Zayyanu, direba ne tun ina saurayi a tashar Jega. Albasar Aliero na kai ta kudu ba adadi, hanyar Maiyama kuwa ko ido rufe na san ramukanta. Motata na sayar na biya shi. Abin da ke cina ke nan ina zaune kan jakar nan: motar da ke ciyar da matata Luba da yara ta tafi, in na koma haka ban san da wane ido zan shiga tasha ba.

Allah Ya haɗa ni da wani dattijo mai tasi, Baba Isaka, mutumin Zangon Kumasi. Ya ji ina ta innalillahi ni kaɗai, ya tsaya ya ce, "Bahaushe, wa ya mutu?" Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Ya karɓi takarduna ya duba, ya ɗaga kai ya dube ni, ya sake duba takardun.

"Aikin akwai shi," in ji shi. "Direba suke so. Amma ba a nan ba, can arewa ne bakin teku. Ni da na tsufa a ƙasar nan ban taɓa zuwa ba, don mota ba ta zuwa garin."

Na ce, "Baba, direba zai tai garin da mota ba ta zuwa?"

Ya ce ko dai jirgin ƙasa ko na sama, amma a cikin garin akwai 'yan motoci. Ya kai ni gidansa na kwana, matarsa ta yi mini tuwon masara, ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa mai nauyi kamar buhun gero. Da ya raka ni tashar jirgin ƙasa ya riƙe hannuna ya gaya mini magana biyu. Ta farko, takardar zamana a ɗaure take da masaukin da zan yi wa aiki, ranar da suka sallame ni sai gida. Ta biyu ya faɗe ta a hankali: "Kai kaɗai ne baƙar fata a wurin. Ko cokali ya ɓata, kai za a fara duba. Ka kiyaye." Don alheri ya faɗa mini, ni kuma na ɗauke ta na ajiye a wuri mai kyau.

Tafiyar jirgin ƙasan ta yi tsawo har na daina tambaya. Da farko gonaki ne, sai daji, sai itatuwan suka dinga gajarta kamar ana rage musu abinci, har suka ƙare, ya rage fili fetal da tabkuna. Wani Bature mai gemu da ke kusa da ni ya ji inda za ni, sai murna ta kama shi, ya fito da waya yana nuna mini hotunan wata dabba, beyar. Ban taɓa ganin irinta ba. Jiki ya fi na bajimin sa, kai kamar na kare, ba wutsiyar kirki. Ya ce iri uku ne a ƙasar. Baƙin yana hawan itace, yana cin 'ya'yan itatuwa, sanyi na shigowa ya shige rami ya yi barcin watanni, ba ci ba sha ba fitsari. Shi in ya taso maka, ka yi ihu ka yi faɗa da shi. Mai ruwan ƙasa yana da tozo, shi in ya kama ka sai ka kwanta ka yi kamar ka mutu. Farin kuwa, wanda ke garin da za ni, kada ka kwanta, don shi nama yake nema, kuma kada ka gudu, don ya fi ka gudu.

Na ce, "To in yi me?"

Ya yi dariya ya ce in shiga wani wuri in rufe ƙofa. Na kwana ina bitar karatun nan, wa ake kwanta wa, wa ake yi wa ihu, har suka cakuɗe mini gaba ɗaya.

Garin ƙarami ne, bai kai rabin Maiyama ba, gidajen katako ne a jere, teku a gefe guda, kogi a ɗaya gefen. Iskar wurin ba ta bugun mutum, yanka shi take yi. Mai masaukin wata mace ce, Madam Helen, doguwa, ba ta da yawan dariya amma ba ta da wulaƙanci. Ta nuna mini farar bas, ta ce aikina in ɗauko baƙi daga tasha in kawo su, da safe in kai su bayan gari inda wasu manyan motoci ke ɗaukarsu zuwa kallon beyar. Sannan ta ce, "In ka ajiye mota kada ka kulle ta. Ba a kulle mota a garin nan. Beyar yana shigowa, wanda ya haɗu da shi a titi sai ya faɗa motar da ta fi kusa."

Na ji ta sarai, Turancina ya kai nan. Na ce to. Amma a raina na ce wannan wace irin magana ce? Maigidana Manu da ya koya mini tuƙi, ranar da na tafi alwala na bar mota buɗe a tashar Jega, da muka dawo babu jak babu safaya, marin da ya yi mini har yau kunnena na tunawa. Tun ran nan ko fitsari zan yi a gefen hanya sai na kulle mota. Ga shi kuma baƙin nan wani irin sakaci gare su. Mutum zai bar kyamara mai dogon baki a kan kujera, da jaka, da waya, ya shige ɗaki abinsa. Na dubi kayan nan, na tuna maganar Baba Isaka. In ɗaya ta ɓata, wa ke riƙe da motar? Har na fara zargin ko gwada ni ake yi.

Sai na samo dabara, ina ta yaba wa kaina. Da rana in bar ta buɗe kowa ya gani. Da yamma in na ajiye ta a lungun da ke tsakanin ɗakin wanki da masauki, in kulle abata, da safe in riga kowa zuwa in buɗe. Makullin kuma, don kada ya faɗi cikin ƙanƙara, na sa masa igiya na ɗaure a zariyar wandona na ciki, yadda muke yi in za mu kwana a tashar da ba mu sani ba. Wando uku nake sawa a lokacin, shi yana can ƙarƙashin na ukun.

A ɗakin wankin nan na san Mama Agnes. Tsohuwa ce 'yar asalin wurin, kakanninta na can tun kafin Turawa su zo, gajera mai faɗin fuska, gwiwarta ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Ita ke wanke zannuwan gado. Ta lura ba na cin naman kicin, kullum burodi da shayi, ba ta tambaye ni dalili ba, sai ta fara zuwa mini da kifi. Ranar da ta ga yatsuna sun yi fari sun ƙi motsi, ta yi mini faɗa sosai, bayan 'yan kwanaki ta kawo mini safar hannu ta fata da ta ɗinka da kanta, manya-manya, babban yatsa ne kaɗai ke da ɗakinsa. In lokacin salla ya yi, ita ke share mini wuri kusa da injin busar da kaya, inda ya fi ɗumi. Su kansu lokutan sallar sun rikita ni, rana ba ta hawa tsakiya, tana bin gefen sama ne kawai, kafin ka gama azahar la'asar ta shigo.

Ita ta gaya mini abin da ke kawo beyar garin. Ta ce ba garin yake so ba, teku yake jira ta daskare. Abincinsa wata dabbar ruwa ce mai kitse, da ta nuna mini hotonta na ce ai wannan ƙaramin ayu ne irin na Yawuri. A kan ƙanƙara kaɗai yake iya kama ta, yana kwanto a bakin ramin da take fitowa shan iska. In ƙanƙara ta narke da bazara sai ya fito tudu ya yi ta zama da yunwa wata da watanni, yana cin kitsen jikinsa. Ta ce da tana yarinya teku ta fi saurin daskarewa, yanzu jiran ya yi tsawo, shi ya sa suke leƙo gari. Hancinsa kuwa yana jiyo ƙanshin abinci daga nisan da mutum ba zai hango ba, tafin ƙafarsa da gashi, ba ka jin takunsa. Ta ce macen tana haƙa ɗaki cikin dusar ƙanƙara ta haihu a ciki, ɗan kuma bai fi ɓera babba ba. Wannan kam ban yarda ba, na bar ta dai don girmanta.

Na kira Luba na ba ta labari. Ta ce, "Mi kac ce, Baban Nana? Kura hwara?"

Na ce, "Ba kura ba ta. Kuma wai in an aske gashin, hwatar baƙa ta ƙirin."

"Awo, ashe ka samu dangi."

Na ce mata in ya shigo gari ana kama shi a kai shi gidan kaso, ba a ba shi abinci don kada ya saba, in lokaci ya yi a ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu cikin raga a kai shi nesa. Ta ce, "Dabba anka sa jirgin sama? Baban Nana, sanyin ga bai taɓa ma kai ba dai?" Muka yi dariya. Da ta kashe wayar na zauna kan gado, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Na ga beyar ɗin da idona sau da yawa daga cikin mota, can nesa kan duwatsun bakin teku. Ba fari fat ba ne, ya yi ruwan tsohuwar farar riga da ta sha wanki. Kwance kawai yake, ya ɗora haɓa kan hannu. Baƙi su yi ta ɗaukar hoto, wata har da kuka don daɗi. Ni dai ina kallonsu ina mamaki, mutum ya taso daga wata duniya don ya ga dabba tana jin yunwa. A hankali tsoron ya sake ni. Na ce abin nan ko tashi ba ya son yi.

Ranar da abin ya faru da safe ne, gari ya fara haske amma fitilun titi na kunne. Na fito zan je in buɗe motar, sai na tarar Mama Agnes ta riga ni, tana fitowa daga ɗakin wanki da buhunan zannuwa biyu za ta kai masauki. Na karɓi ɗaya. Ƙofar ɗakin wankin ta rufe a bayanmu, mun yi nisa da ita, sai ta tsaya cak. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Zayyanu, kada ka gudu."

Yana tsaye tsakaninmu da ɗakin wankin. Ban ji fitowarsa ba, ban san daga ina ya ɓullo ba. Wanda nake gani kwance can nesa daban, wannan daban. Kafaɗarsa ta kai ƙirjina yana kan ƙafa huɗu, cikinsa ya shafe don yunwa, wuyansa dogo, yana kaɗa kai hagu da dama yana shaƙar iska. Karatun Baturen jirgi ya zo mini gaba ɗaya, in kwanta ne, in yi ihu ne, ƙafafuna kuwa suna ta roƙona in gudu.

"Baya-baya," in ji ta. "Ka dube shi. Mu je mota."

Muka ja da baya, tana jan ƙafarta mai ciwo, shi kuma yana biyo mu a hankali, ba gaggawa. Bayanta ya taɓa bas ɗin. Ta miƙa hannu ta baya ta ja ƙofar. Ta sake ja. Sannan ta juyo ta dube ni. Duk abin da na gani a ƙasar nan, wannan duban ne ya ƙi barina.

Na jefar da buhun na fara laluben makulli. Safar hannun da ta ɗinka mini ba ta shiga ƙarƙashin riga, na cire ta da haƙori. Rigar Baba Isaka, wando na farko, wando na biyu. Yatsuna suka taɓa igiyar, amma ƙullin da na yi irin na ɗaurin lodin albasa ne, wanda ba ya kwancewa, yatsun kuma sun sandare. Ga ni tsaye a gaban tsohuwa da beyar, hannu cikin wando, ina la'ilaha illallahu.

Ita kuwa ba ta tsaya jirana ba. Ta cilla buhunta gabansa. Ya tsaya, ya sa hanci, ya taka shi da hannu ɗaya ya yage, zannuwa suka watse. Ta kama rigata ta ja ni, muka bi jikin bas ɗin muka zagaya. A tsallaken titi akwai wata tsohuwar a-kori-kura duk tsatsa, ban san mai ita ba. Titin nan bai fi faɗin zaure biyu ba, amma ban taɓa tsallaka hanya mai tsawonsa ba, ga gwiwarta, ga shi ya bar zannuwan ya ɗago kai. Na kai hannu ga ƙofar ina cewa a raina, in mai motar nan irina ne mun mutu. Ƙofar ta buɗe.

Na tura ta ciki na faɗa a kanta na ja ƙofa. Ta danna hon ta riƙe. Ya iso, ya zagaya, ya ɗora hannuwa kan gaban motar har ta sunkuya. Sannan ya zo gefena ya manna hancinsa baƙi a gilashi, numfashinsa ya rufe gilashin da tururi, ya share da hancin ya sake leƙowa. Idonsa ƙanana ne, ba fushi a ciki ko kaɗan. Dubana yake yi kamar yadda mahauci ke duban rago a kara. Can masu gadin gari daga beyar suka iso da mota, suka harba wani abu mai ƙara sama, ya sauka ya nufi bakin teku da sassarfa. Daga baya na ji sun kama shi sun kai gidan kason nan.

Muna zaune cikin motar mutane, ta ce, "Me ya sa?"

Na gaya mata. Kyamarori, jakunkuna, takardata, Luba da yara. Na ce in abu ya ɓata ni za a ce.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Tun da ka zo, akwai wanda ya kira ka ɓarawo?"

Na ce babu.

"To wa ya ce?"

Na buɗe baki in ce Baba Isaka, na ga ba shi ba ne, shi tsoro ya ji mini. In ce Manu, shi ma gaskiyarsa ya koya mini, a Jega wanda bai kulle mota ba shi ne mahaukaci. Na rasa wanda zan kama.

Ba sai an kai ƙarata ba. Masu gadin sun ga zannuwa a gindin bas, sun ja ƙofar da kansu. Madam Helen ta kira ni ofis, ba ta yi ihu ba, na so ma a ce ta yi. Ta ce in ba ta makullin. Sai da na juya baya na kwance wando, ta miƙo mini almakashi na yanke igiyar. Ta ce za ta bar ni in yi wanke-wanke a kicin har teku ta daskare baƙi su watse, amma ba za ta sabunta mini takarda ba, don ba za ta iya tsayawa gaban mutanen garin ta ce ta riƙe direban da ya kulle wa Agnes mota ba. Abin da na yi don kada a kore ni, shi ya kore ni.

Na nemo mai a-kori-kurar, wani ƙaton mutum mai gyaran bututun ruwa, na je har gida in yi masa godiya. Na yi ta zuba godiya irin tamu, Allah Ya saka, Allah Ya raya zuri'a. Ya tsaya yana kallona, ya kasa gane abin da ya yi. Ya ce shi bai yi komai ba, mota ce kawai ya ajiye.

Teku ta daskare, cikin 'yan kwanaki beyar suka bi ƙanƙara suka ɓace kamar ba a taɓa yinsu ba. Mama Agnes ba ta ƙara tayar da maganar ba, ba ta kuma daina share mini wurin salla ba, wannan ya fi mari ciwo. Ranar tafiyata ta zo tasha tana ɗingishi, da busasshen kifi a takarda. Na cire safar hannun zan mayar mata, na ce garinmu ba sanyi. Ta ce in riƙe, ba a mayar da ɗinki.

Yanzu ina Jega, ina jan motar wani, Jega zuwa Maiyama, wani lokaci Aliero ranar kasuwa. 'Yan tasha sun sa mini suna Na-Kanada, in na ba da labarin beyar su ce ina ƙara gishiri. Ban damu ba. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da na fito daga mota sai in tsaya da makulli a hannu. Sau ɗaya na bar ta buɗe a tasha, aka cire batir, mai motar ya zage ni tas, kuma da gaskiyarsa.

Rannan na dawo da yamma na ajiye ta ƙofar gida, na tsaya ina juya makullin. Luba tana zaure tana kallona. Ta ce, "Baban Nana, nan Jega na. Kulle ka shigo tuwo na hucewa."

Na kulle. Na shiga, na wanke hannu, na kai loma ɗaya. Sai na tashi na fita, na buɗe ƙofar gefen fasinja, na dawo na zauna. Ta dube ni, ta turo mini kwanon miya.